Ranar da Tukunyar Wake Ta Hau Bene

Yau da safe na fita da faranti in sayo dafaffen wake wurin Ammu Shahata. Na dawo ba wake, ba faranti, ga ƙafar wando sharkaf da ruwan kwata. Uwargida ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Karin kumallo na aike ka ko yaƙi?" Na ce mata yaƙi ne, kuma wai hukuma ce ta ci.

Bari in faro muku daga tushe. A layinmu na nan Alƙahira, saman shagon mai guga, akwai wani dattijo, Dakta Wagdi Sarhan. Ɗan mai gadin tashar jirgin ƙasa ne daga wani ƙauyen kudu. Karatu ya kai shi Turai, ya yi furfura a kan tambaya guda: yaya gwamnati za ta ci galabar 'yan tawaye? An ce sojojin ƙasashen waje na haddace littattafansa. Mu dai a layi abin da muka sani shi ne yana son wakensa da lemun tsami da yawa.

Na sha karatunsa kyauta a bakin amalanken Ammu Shahata. "Ya Ustaz," yakan ce mini, "ɗan tawaye ba a kan dutse yake zaune ba, cikin mutane yake. Su ke ba shi ruwa, su ke cewa ba su gan shi ba. Ka mari mutum ɗaya ba laifi, ka ɗaukar wa abokin gabarka 'yan'uwansa aiki. Hukumar da ke zuwa da hantsi ta koma kafin azahar kuwa baƙuwa ce. Ka zauna da mutane, ka gyara musu abin da ya lalace, su da kansu za su nuna maka ƙofa." Abin da ke ci masa rai shi ne ƙasarsa ba ta taɓa tambayarsa ko ƙarfe nawa ba.

Ana nan sai Allah ya kawo wa gundumarmu sabon Basha, Mai Girma Masharin Tituna, Allah ya ƙara wa kujerarsa laushi. Da zuwansa ya ƙaddamar da yaƙi a kan masu sayar da abinci a bakin hanya, don ya gano su ne suka hana ƙasa ci gaba. Wani ya tsegunta masa labarin Dakta, aka gayyace shi ya yi lacca, har da alkawarin kujera a kwamitin yaƙin. Ranar Dakta ya sa kwat ɗin da ya daɗe a akwati, yana tafe yana murmushi shi kaɗai. Wallahi na taya shi murna.

A duk laccar, magana ɗaya ta shiga kunnen Basha: sai ka mallaki zukatan jama'a. Ai kuwa bai yi wasa ba. Aka sayo sabuwar motar kwashe kaya, aka zana mata ƙatuwar jar zuciya a kowane gefe, aka yi bikin buɗe ta da gasassun raguna. Kwatar layinmu da ta fashe tun azumin bara ba ta samu ko gaisuwa ba, amma mene ne kwata a gaban zuciya?

To yau ina cikin layin wake sai muka ji ihu daga bakin titi: "Ga mai zuciya nan!" Ammu Shahata ya dafe kai. Amalanken bai dame shi ba, katako ne. Tukunyar tagullar nan mai ƙaramin wuya, wadda ya gada wurin ubansa, ita ce cinsa da shansa. In ta shiga motar nan, shi da iyalinsa sai bara.

Kun san kowace baranda a layinmu da kwandonta mai igiya, wanda ake zurowa a sa burodi a ja sama. Sitt Nawal ta hawa na uku ta fara zuro nata tana ihu, "Sa ludayin, ya Ammu, kai ma ka tsaya kallo kamar ango!" Kafin ka ce me, kwanduna na ta saukowa. Burodi ya hau, kwanoni suka hau, tulun gas ya hau, farantina ma wani mai kishin ƙasa ya fizge ya jefa a kwando. Saura tukunya, ga zafi ga nauyi. Igiya ɗaya ce a layin za ta iya da ita, ta Dakta, da yake shi littattafai yake ja da ita.

Ammu Shahata ya ɗaga kai. "Ya Dakta, don girman Allah."

Dakta na tsaye a barandarsa da kofin shayi. Na ga ya dubi bakin titi, ya dubi tsohon. Sai ya ajiye kofin ya zuro igiya. Mai guga da wasu ƙarti suka ruga sama suka kama masa, mu na ƙasa muna turawa, a nan ne na zurma kwata.

Basha ya iso ya tarar da amalanke wayam, Ammu Shahata na zaune yana jan carbi, ga ƙamshin wake ya cika layi. Basha ya ɗaga kai ya hango Dakta a baranda, ya washe baki.

"Barka da hantsi, ya Dakta! Ka ga dabararka tana aiki. Daga nan sama ai kana ganin komai. Ina tukunyar ta shiga?"

Tururi na tashi ta bayan Dakta, har gilashin idonsa ya yi hazo.

"Wace tukunya, ya Basha? Ni ban ga komai ba."

"Haba Dakta, kai fa namu ne. Kujerarka na jira."

"A bar ta ta huta, ya Basha. Ni nan nake karyawa."

Aka ɗora amalanken a mota don kada a koma hannu rabbana. Kafin azahar an sanar cewa an tsarkake layinmu ba tare da turjiya ba, an kuma gode wa jama'a bisa haɗin kai.

Mu kuwa muka hau benen Dakta muka yi layi tsakanin littattafai, Ammu Shahata na zuba wake yana sa wa Dakta albarka. Na ce, "Ya Dakta, ka yi asarar kujera fa." Ya matsa lemun tsami, idonsa ya ciko, amma dariya yake. "Na ƙare rayuwata ina rubuta cewa jama'a kan ce ba su gani ba. Ban taɓa sanin daɗin faɗinta ya kai haka ba."

Ina miƙa godiya ga Mai Girma Basha, wanda ya haɗa kan layinmu cikin safiya ɗaya, har ya mayar da babban masanin murƙushe tawaye ɗan tawaye. Sitt Nawal kuma, in kina karantawa, farantin nan mai shuɗin baki nawa ne. Na tambaye ta ɗazu, ta ce ita ba ta ga komai ba.