Ƙuri'ar Uban Sauyi

A duk faɗin Romaniya ba a taɓa yin ɗan dimokuraɗiyya kamar Ilarie Mocanu ba. Shekara ashirin yana sakataren jam'iyyar kwaminis a ƙauyensu, amma ranar da gwamnati ta kife sai ya tuna ashe tun yana goye yake adawa da ita. Ya sauke hoton shugaba daga bango, ya rataya nasa a ƙusar. Ya halarci taron kwana uku a birni, ya dawo da jakar hannu da sabon suna: Uban Sauyi.

Aikinsa na farko shi ne raba dukiyar gonar gwamnati. Tarakta ɗaya ce, masu haƙƙi sun haura ɗari biyu.

"Daga yau kowa ɗan jari-hujja ne!" in ji shi. "A kwance ta, kowa ya ɗauki rabonsa!"

Wani ya sami taya, wata tsohuwa ta sami fitila. Shi kuwa bawan Allah ya yi haƙuri da sitiyari. A wannan shekarar, da shanu aka yi huɗa.

Sai zaɓen magajin gari ya zo, kujerar da ya ɗare tun kifewar gwamnati. Abokin takararsa Tanase makanike ne, alkawarinsa ɗaya tak: zai haɗa taraktar. Hankalin Ilarie ya tashi, don in aka raba shi da kujera bai san ta inda ake riƙe fartanya ba. Ya bi gida-gida yana wayar da kai.

"Ku buɗe kunnuwanku! Zamanin da ake ba ku takarda mai suna ɗaya ku ninke ku jefa ya wuce. Yanzu sai mutum ya shiga bayan labule ya buga hatimi a kan gwaninsa. Na san zai yi muku wuya, amma ku dinga kallona."

Ranar zaɓe kuwa aka kalle shi. Ya iso cikin kwat, ya karɓi takarda, ya yi wa mai hoto murmushi, ya ninke ta ya jefa a akwati, kamar yadda hannunsa ya saba shekara ashirin. Ko labulen bai kalla ba.

Aka ƙirga. Tanase ya kwashe duka, ban da takarda ɗaya fara fat.

Ya koma gida, ya dubi matarsa.

"Saveta, har da ke?"

"To, Uban Sauyi, kai da kanka ba ka zaɓi kanka ba, sai ni? Tashi ka miƙa sitiyarin, ga Tanase can a ƙofa."