Sirrin Bhabhi Uku da Bidiyon Rawata

"Lafiya lau, Bhabhi. Ya gajiyar tsufa?"

"Tsufa na can gidan surukanka. Ka wanke ido kafin ka gaishe ni, ko haka Allah ya yi fuskar?"

Safiyar Lahadi ce a kicin ɗinmu na Gujranwala. Bhabhi Nighat, matar yayana Tauqeer, tana murza kwaɓin paratha, gurasar nan da ake toyawa da mai, kasko na ƙauri a gefe. Ni kuwa, Zeeshan, da ake kira Shani a gida, na shigo da takardu uku a hammata kamar lauyan da ya kwana da shari'a.

Bhabhi tana aiki da wani kamfani a Lahore. Masana'antu da bankuna ke kiransu su duba abin da ɓarawo zai iya tsinta game da ma'aikatansu a intanet, tun kafin ɓarawon ya tsinta. Ba fasa ƙofa, ba leƙen waya. Abin da mutum ya zubar a titi da hannunsa kaɗai ake tsincewa, shi ma sai da izininsa a rubuce.

Ni kuma na faɗi jarrabawar aji sha biyu har sau biyu, Abbu, mahaifinmu, ya yanke hukunci: gobe Litinin zan fara zama a shagon Kawu Riaz, ina sayar da famfo da kwanon bayi. Mafita ɗaya ce, Bhabhi ta kai sunana wurin oganta a ɗauke ni koyon aiki. Ta ba ni kwana uku da takarda mai sa hannunta. Abu uku zan nemo game da ita: adireshin gidan mahaifinta, ranar haihuwarta ta gaskiya, da sunan mahaifiyarta, wanda banki ke tambaya kafin su yarda kai ne kai. Abin da na sani a gida ba ya cikin lissafi. Sai na nuna inda baƙo zai gani.

"Ka zo ban haƙuri ne?" in ji ta. "In ka durƙusa da kyau zan roƙi Kawu Riaz ya bar ka a ɓangaren famfo."

"Na zo karɓar kujerarki ne. Ki fara tattara kayanki."

"Kujerata? Kai da ko hotona ɗaya ba za ka gani a intanet ba? Shekara takwas ina share sawuna, Shani. Ko aljani bai san inda na bi ba."

"Kin share naki sawun, kin manta kina da dangi. Ai sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangonki kuwa dangi ne suka gina shi da yawu."

"Karanta, in ji. Kada ka ci min lokaci, shayi na tafasa."

Na yi gyaran murya. "Na ɗaya. Gida mai lamba arba'in da bakwai, layin bayan masallacin masu tagulla, ƙofa koriya."

"Wannan ai da ƙafarka ka je ɗaukar amarya, ka cinye rabin naman walima. A ina baƙo zai gani?"

"A shafin mijin gwaggonki, Ilyas."

Ta dakata da murzawa. "Wannan tsohon? Shi da sai an danna masa waya?"

"Kin tuna katin bikinku na farko? Wanda aka manta da sunansa a jerin masu tarbar baƙi?"

"Kada ka tuna min. Kwana huɗu ya yi bai ci abincin gidanmu ba. Sai da mahaifina ya cire rawani ya ajiye a gabansa."

"Aka sake buga kati da sunansa a sama, da manyan baƙaƙe. To, ya ɗauki hoton katin ya ɗora wa duniya, don maƙiya su gani. Ga adireshi, ga lambobin waya shida, har da taswirar yadda za a bi a zo. Saura kawai ya rubuta inda kuke ajiye makulli."

"Innalillahi. Shekara uku yana nan?"

"Mutum goma sha ɗaya sun yaba. Tara daga ciki shi ne da kansa ta wayoyin 'ya'yansa."

Ta danne dariya, ta juya paratha. "Sa'a ce. Makaho ma yakan taka kuɗi a hanya. Na biyu."

"Na biyu sai kin zauna, don masu irin shekarunki jiri ke ɗibarsu."

"Zan ɗebe ka da muciyar nan."

"A takardar makaranta an haife ki ɗaya ga Janairu. Ke da rabin ƙasar nan. Ban san me iyayenmu ke yi a watan Afrilu ba da kowa ke faɗowa ranar ɗaya ga Janairu."

"Rashin kunya dai ka ci jarrabawarta tun zama na farko."

"Amma ta gaskiya, sha tara ga Oktoba ce. Kuma ba shekarar da aka rubuta ba. An sace biyu, Bhabhi. Yaya Tauqeer ya sayi mota an juya masa lambar tafiya."

"Yayanka ya san abin da ya saya, shi ya sa har yau yake godiya. Kai da ko keke ba a ba ka aro ba. A ina ka gani?"

"Ƙanwarki Rimsha. Duk shekara sai ta ɗora hoton kek, ba fuska, ba suna, sai dai 'Allah ya ja kwanan yayata'. Yaya mace kuwa ɗaya gare ta. Bara ta sa kyandir mai lamba. Uku da ɗaya, Bhabhi. Na ƙirga da yatsu don kada a ce ban iya lissafi ba."

Sai ta juyo gaba ɗaya, ta kafe ni da ido. "Shafin Rimsha. Awa nawa ka yi a ciki?"

"Aiki ne ya kai ni."

"Aiki. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, ga kunnenka ya yi ja. To faɗa min, me ka samo game da ita? Wa take kulawa? Ina take zuwa bayan kwaleji? Faɗa min, in ƙara maka maki."

Wallahi na so in faɗa. Na san inda take shan lassi, kindirmon nan da ake kaɗawa, ranar Alhamis, don ita ma ba ta iya rufe baki a shafinta ba. Amma na zaro takardar izini na ɗaga.

"Nan an rubuta Nighat. Ban ga Rimsha ba. In tana so a bincike ta, ta sa hannu ta kawo min da kanta, zan karɓe ta hannu bibbiyu."

"Ka ji ɗan banza. Ko a mafarki ba za ta kawo ba."

"To ki gaya mata ta cire kek ɗin. Iyakar abin da na rubuta ke nan."

Ta ɗan gyaɗa kai, ta zuba shayi a kofi ɗaya, ta kurɓa ita kaɗai tana kallona. "Biyu. Amma na ukun nan ne kabarinka. Sunan mahaifiyata ba ya kan kati, 'da maiɗakinsa' aka rubuta. Mahaifina kansa 'uwar Nighat' yake ce mata. Kai ma Khala kake kiranta. Je ka gwada rigar shago."

"Surayya Parveen."

Kofin ya tsaya a iska.

"Sake faɗa."

"Surayya Parveen. Suna mai daɗi. Ban san yadda aka yi ta haifi mai faɗa ba."

"Wa ya gaya maka? Mamanku Ammi ce ko? Na ce ba tambayar 'yan gida!"

"Ban tambayi kowa ba. Mai ganga ne ya faɗa, da lasifika. Kin san in ana liƙi a biki, duk wanda ya ba da kuɗi sai makaɗi ya ɗaga takardar ya kira sunansa. Khala ta miƙa rupi dubu, shi kuma ya buɗe maƙogwaro: 'Kyautar uwar amarya, Surayya Parveen!' Sau uku ya faɗa, don ta ƙara masa ɗari biyar."

"Wannan a zauren biki ne. Baƙo a ina zai ji?"

"A wani bidiyo."

"Wane bidiyo?"

"Wani dai. Yana yawo."

"Shani, bidiyo ba akuya ba ne da zai yi yawo shi kaɗai. Na hana kowa ɗora bikina. Na tsaya a gaban dangi biyu na roƙa. Shafin wa?"

"Bhabhi, parathar nan za ta ƙone."

"Ta ƙone. A aikinmu, abin da ba a faɗi tushensa ba tsegumi ne. Miƙo rahoton."

Na miƙa. A gaban na ɗaya na rubuta Ilyas. A gaban na biyu na rubuta Rimsha. A gaban na uku na bar fili fari tas.

"Ka manta da biro ne a nan?"

Nan fa na ga kwanon bayi yana yi min murmushi daga nesa. In na yi shiru, na faɗi. In na faɗa, na mutu. Zan iya cewa wani ɗan unguwa ne, sunayen ƙarya ba su ƙare a bakina ba. Amma ramin ƙarya ƙurarre ne, Bhabhi kuwa sana'arta ke nan, tonon rami.

"Mutumin kirki ne," na ce. "Matashi, kyakkyawa. Ya iya rawa."

"Suna."

"Ba don sharri ya yi ba. Ranar ya sa sabuwar riga, kafaɗarsa kuma ta ba da haɗin kai."

"Suna, Shani."

"Zeeshan. Ƙanin mijinki. Minti na biyu da daƙiƙa goma, daidai lokacin da na yi juyin nan da ƙafa ɗaya, mai ganga ya kira sunan Khala a bayana. Wallahi sai shekaranjiya na ji. Shekara uku ina kallon bidiyon nan, kaina kawai nake kallo."

"Ashe da ɗan gari akan ci gari. Ina can ina tsare masana'antun mutane, ɓera na cin tuwo a kicin ɗina."

"Ɓeran da mutum dubu arba'in suka kalla. Ki faɗi gaskiya duka."

"Dubu talatin da tara sun zo ganin ko za ka karye ne. To, malam mai bincike, kowane rahoto yana ƙarewa da magani. Mene ne maganin na uku?"

"Ki canza uwa."

"Shani."

"Ki gaya wa banki su riƙa tambayar sunan kakarki."

"Shani!"

Na zaro waya. Masu kallo dubu arba'in da ɗari biyu da shida. Akwai wata yarinya daga Sialkot da ta rubuta cewa ina rawa kamar barewa. Duk abin da na mallaka a duniya ke nan, ni da ba ni da takardar aji sha biyu.

"Ba za a iya yanke wurin kawai ba?"

"Wurin juyin naka ne. In an yanke me ya rage? Kai kana goge gumi?"

Na rufe ido na danna maɓallin gogewa. Wayar ta tambaye ni ko na tabbata, kamar ita ma tausayina take ji. Na sake dannawa.

"Allah ya ji ƙan barewa," na ce. "Ta rasu tana da ƙuruciya."

Bhabhi ta fashe da dariya har sai da ta dafa bango. Ta share hawaye da gefen mayafi, ta ɗauko tata wayar, ta latsa, ta juyo min da ita. Sai ga ni a sabuwar riga, ina juyi da ƙafa ɗaya.

"Tun bara na gan shi, na sauke. Duk ranar da oga ya ɓata min rai, shi nake kallo in huce. Banki kuwa tuni na je muka sauya tambaya."

"Kin sani? To wahalar me kika ba ni kwana uku?"

"Nemowa ai kowane mai zaman banza ya iya, ku ne ma gwanaye. So nake in ga ko za ka rubuta sunanka a filin nan. Mai binciken da zai ɓoye laifinsa, ba na kai shi gidan mutane." Ta tura min biro. "Cike. Da manyan baƙaƙe."

Na rubuta ZEESHAN.

"Amma katin Ilyas da kek ɗin Rimsha," ta ce, tana rage murya, "wallahi ban san da su ba. Ka ci ni, ɗan nema. Kada ka kuskura yayanka ya ji."

"Sake faɗa, ban ji ba. Kunnen nan da ya yi ja ba ya ji sosai."

"Sau ɗaya ake yanka rago." Ta ɗora paratha biyu a faranti, ta kwantara musu man shanu har yana gangara, ta ajiye a gabana. Sannan ta shiga ɗaki ta fito da tsohuwar kwamfutarta, ta dangwara min a cinya. "Gobe ƙarfe bakwai, motar Lahore. Ni zan yi wa Abbu magana. Ka sa riga mai maɓalli, kuma in oga ya miƙo hannu, gaisawa ake yi, ba rawa ba."

"To ki tura min bidiyon, ko don tarihi."

"Sai ranar da za a je nema maka aure. Dangin amarya suna da haƙƙin sanin abin da za su ɗauka."