Ranar da Na Jefi Uwar Miji da Kabewa

Ba zan taɓa mantawa ba da abin da hannuwana suka jawo mini a wani biki a Kusada, shekarar da na fara koyar da 'yan mata a elemantare ta Kankiya.

Wani Baturen makaranta ne ya zo rangadi, ɗan gajere mai karkataccen hanci. Hedimasta ya ce mana a ƙasarsu shahararren ɗan wasan ragbi ne, ya yi shekaru yana yi wa ƙasarsa wasa kafin gwiwa ta hana shi. Da la'asar ya tara manyan ɗalibai maza, suka sunkuya suka haɗa kawuna suna ture juna, ƙwallo mai siffar ƙwai a ƙarƙashin ƙafafunsu. Aikinsa shi ne ya laɓe a bayansu. Da ƙwallon ta ɓullo sai ya sure ta, ya tashi sama a miƙe, ya wurga wa na gefe tun kafin cikinsa ya taɓa ƙasa. Ni da nake leƙe ta taga, sai na ga kamar tsattsewa ce ta shafi ruwa ta wuce. (Har waƙa na rubuta a kai, Allah Ya sa gara ta cinye ta.)

Daga nan na riƙa gwadawa a bayan ɗaki da wani tsohon duma, ba wanda ya sani.

Ranar bikin, Inna ta ja kunnena tun a hanya. "Mahaifiyar Malam Sule za ta zo, don ta ga hankalinki. Ki duƙar da kai." Malam Sule malamin asibiti ne, shi nake so, kuma maganar uwarsa kaɗai ake jira.

Na duƙar da kan kuwa, har zuwa lokacin da mata suka kewaye kayan gudummawa, suka sunkuya kai da kai suna ture juna. Sai ga wata 'yar kabewa ta gangaro ta tsakanin ƙafafun Gwaggo.

Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Na sure ta, na hango yayata a gefe, na kira "Yaya Binta!", na tashi sama na wurga mata. Yaya Binta ta kauce. Kabewa ta sauka a ƙirjin wata dattijuwa da ke shigowa da sallama, ta zaunar da ita daɓas. Ni kuma ina kwance rub da ciki, ɗankwali a gefe guda.

Masu daka ma suka tsaya da taɓare a sama.

"Innalillahi!" in ji dattijuwar, tana rungume da kabewa. "Mi ni ka gani haka? Ɗiyar wa ce wannan?"

Gwaggo ce ta ce, can ƙasa-ƙasa, "Ita ce... malamar."

Dattijuwar, wadda ashe ita ce mahaifiyar Malam Sule, ta dube ni tun daga kai har ƙafa. "Ke 'yar nan, ko kare ba a jifa da abinci. Haka za ki riƙa miƙo mani tuwo?"

Sai da aka yi damina biyu ana kai mata goro da ban haƙuri kafin ta yarda. Har yau in zan kai mata ruwa, tun daga ƙofa take cewa, "Ajiye nan, ni zan ɗauka."

Abin da na koya shi ne, in mutum ya ga abin sha'awa ta taga, ya tsaya a rubuta waƙa.