Hoton da Auta Ba Ta Shirya Masa Ba

"Lafiya lau, baiwata. Gajiya kuwa babu, sai wadda kika shigo mini da ita yanzu," in ji Mai Hoto, ko ɗagowa daga kwamfutarsa bai yi ba. "Yau kuma wace fuskar kika kawo?"

"Wadda ta fi ta gidanku. Tashi ka kunna fitilun nan, sauri nake yi."

Auta ba ta zauna ba. Tun da ta ajiye aikinta a ofishin ɗaukar ma'aikata, da niyyar buɗe nata wurin koya wa masu neman aiki yadda ake tsayawa gaban masu intabiyu, zama ya ƙaurace mata. Komai ta tanada: ɗaki, kujeru, allo, har da tukunyar fure a bakin taga. Abu ɗaya ta ce ya hana ta farawa, shafin intanet. Shafin kuwa hoto yake jira, hoton kuma kullum sai ta samo masa laifi. Ga shi tsohon shugabanta ya ce yau yake son amsa, ko ta koma kujerarta ko ya ba wani. Wayar tana jaka, jakar tana hammata, ko ƙofa ce ta motsa sai gabanta ya faɗi.

Mai Hoto ɗan kawunta ne, abokin wasanta tun suna rarrafe, don haka shi kaɗai ke faɗa mata abin da sauran dangi ke haɗiyewa.

"Hoton wancan makon me ya yi miki?"

"Ka fito da ni kamar wadda aka tasa daga barci."

"Na kafin shi fa?"

"Hancina ya cika shafin."

"To hancin ni na dasa shi? Je ki tambayi Gwaggo da ta haife ki, ita ta yi wannan aika-aikar. Kyamarata ba ta ƙarya, tausayi ne kawai ba ta da shi."

"Kyamarar da sai ta yi tari kafin ta ɗauka? Daga ita har mai ita gidan tarihi ya kamata a kai ku."

Ta hau doguwar kujerar da ke gaban farin labule, ta sauko, ta gyara mayafi a madubi, ta sake hawa. Ya bar ta tana ta kai-komo, yana goge gilashin kyamara kamar ba shi da wani aiki a duniya.

"Wai ma wa ya ce miki sai da shafi?" ya ce. "Bakin nan naki da ake ji har ƙarshen layi ba lasifika? Ni ina da shafi ne? Ga shi kullum ana shigowa."

"Don babu wani mai hoto a layin ne. Yanzu duk wanda ba a gani a intanet, to ba ya nan."

"Ashe ni fatalwa ne. Ke kuma kullum wurin fatalwa kike zuwa a gyara miki hanci."

"Mai kunnen faranti, ɗauki hoto ka rufe mini baki."

"Zan ɗauka. Amma ki faɗi gaskiya, tsoro kike ji. Mai koya wa mutane magana ta laɓe a bayan shafi, don kada wani ya dube ta ido da ido ya ce, ke me kika iya?"

Wannan ta shige ta, ta kuwa ji haushi ƙwarai, don gaskiya ce. Ta buɗe baki za ta rama ke nan sai aka yi sallama.

Wata ma'aikaciyar jinya ce cikin farin kayan aiki, za ta girme su duka biyun. Ƙaramin hoto take so, gobe tana da intabiyun ƙarin girma. Auta ta sauka ta ba ta kujera. Matar ta zauna a takure, kafaɗu sun kusa taɓa kunne, ido a ƙasa.

"Ɗan ɗago, Hajiya," in ji Mai Hoto. Ta ɗago, ta sake sunkuyawa. "Ki yi haƙuri, ɗan saki fuska."

"Ni dai tun jiya ban runtsa ba," ta ce da wata 'yar murya. "An sha kirana, in na shiga sai komai ya gudu daga kaina."

Auta ta dubi bango, ta dubi jakarta, ta cije leɓe. Ta yi shekaru tana zaune a ɗaya gefen teburin tana kallon irin waɗannan kafaɗun suna jawo wa masu su asarar aikin da suka fi kowa iyawa. Ta kasa daurewa. Ta ajiye jakar a ƙasa, ta jawo kujerar roba ta zauna a gaban matar.

"Yaya, ki ɗauka ni ce masu intabiyun. Me ya sa za mu ba ki wannan matsayi?"

"To, ni dai, in Allah ya sa an ga na dace…"

"Cire 'ni dai' ɗin nan, bar shi a gida. Ranar da aiki ya fi rikicewa a ɗakinku, wa aka kira?"

"Ni," in ji matar.

"Me kika yi?"

"Wuta ce ta ɗauke, ga jarirai a kwalba. Na raba 'yan'uwana ma'aikata, kowacce na ba ta gado, ni na tsaya kan mafi ƙanƙanta har aka tayar da janareta." Tana faɗa tana nunawa da hannu, kafaɗun suka sauka da kansu, muryar ta cika shagon.

"Kin ji ki? Haka za ki faɗa musu gobe. Sake, amma wannan karon ki kalle ni."

Fitila ta yi walƙiya, ta sake yi. Babu wadda ta waiwaya.

Da matar ta karɓi hotunanta, sai ta riƙe hannun Auta. "Ƙanwata, muna da yawa masu shiga intabiyun nan, wasu sai watan gobe. Turo mini shafinki in tura musu."

"A'a, Hajiya," in ji Mai Hoto, "ai ita ba ta bukatar…"

"Ƙanena, da baki zan bi su ɗaya-ɗaya? Wasu dare suke yi, wasu rana. Sai abin da za su buɗe a waya."

Auta ta juya ta kalle shi, kallon da ta daɗe tana tanadi. Sannan ta ba matar lambarta, ta ce shafin zai fito kafin gobe, kuma ko bai fito ba su zo, ƙofa a buɗe take.

Matar tana fita wayar ta ɗauki ƙara daga cikin jakar da ke ƙasa. Tsohon shugaban ne. Auta ta ɗauka.

"Ranka ya daɗe, na gode ƙwarai. A ba wani kujerar. Na fara aiki."

Ta kashe, ta sauke numfashi, ta koma kan doguwar kujera tana gyara mayafi. "To, fatalwa, ka ji dai da kunnuwan nan naka, ba su da uzuri. Ana bukatar shafi ko ba a bukata? Ɗauki hoton."

"Sauko, an riga an ɗauka."

Ya juyo mata da kwamfutar. Ga ta nan a kujerar roba, ta karkata gaba, mayafi ya zame gefe, yatsa a sama, baki a buɗe. Hancin yana nan yadda Gwaggo ta bar shi. Amma duk wanda ya ga hoton zai so ya zauna a gaban wannan matar. Auta ta daɗe tana kallo, ta nemi laifi ta rasa.

"Bakina a buɗe yake," ta ce a hankali.

"Yaushe ya taɓa rufuwa?" Ya fashe da dariya, ya ɗaga hannu biyu sama. "Na sallama, a yi shafin. Ga hoton kyauta, baiwata, amma da sharaɗi: ki rubuta a ƙasa cewa mai kunnen faranti ne ya ɗauka."