Surukin Jazuli a Sararin Sama

Jazuli da kansa yake ba da wannan labari, kuma kullum sai ya fara da cewa duk wanda zai yi dariya ya yi, shi ma ya daɗe da yafe wa kansa. Aikinsa a hasumiyar wani filin jirgin sama ne a nan Arewa, wato shi ne mai ba jirage hannu: wannan ya sauka, wancan ya dakata, wancan ya zaga ya dawo. An koya masa cewa a rediyon jirage babu gaisuwa babu kara, Turanci ne gajere, a ba da umarni matuƙi ya maimaita. Shekara bakwai yana haka ba a taɓa samun sa da kuskure ba.

To amma Jazuli mutumin Zariya ne, irin waɗanda aka yi wa tarbiyya har ta yi musu yawa. Wata shida kafin abin ya faru ya auri 'yar Kyaftin Badamasi, wani dattijon matuƙin jirgi, kuma tun daga ranar bai taɓa zama a kujera a gabansa ba, bai taɓa haɗa ido da shi ba, balle ya kama sunansa. Abin da ya rufa masa asiri shi ne Kyaftin tsakanin Legas da Fatakwal yake zirga-zirga, bai cika biyowa ta Arewa ba.

Ran nan da hantsi, tsakiyar damina, hadari ya sauko ƙasa-ƙasa, taraktar da ke yankan ciyawa ta zo tsallaka titin jirgi ta mace a tsakiyarsa. Direban ya yi ta fama ta ƙi tashi. Ga jirgi kuma ya taso daga Legas da mutum ɗari da ashirin, yana cikin gajimare, ba ya ganin ƙasa. Aikin Jazuli bai wuce magana ɗaya ba: ya ce wa matuƙin ya koma sama ya zaga. Ya gyara abin magana ke nan sai rediyo ta buɗe, ya ji muryar da ta ce "na ba shi" ranar ɗaurin aurensa. Ashe an sauya wa Kyaftin hanya a makon nan.

Jazuli ya ce wallahi bai san lokacin da ya tuɓe takalmi ya sauko daga kujera ya durƙusa ba. Da ya durƙusa kuwa taga ta koma saman kansa, titin jirgi da tarakta duk suka ɓace masa, sai ƙafar tebur yake kallo. Turancin shekara bakwai ya gudu.

Ya ce, "Baba, barka da hanya. Ina gajiya?"

Mu Hausawa ba ma iya barin gaisuwa ta faɗi ƙasa, ko da a cikin gajimare ne. Kyaftin ya amsa da ba gajiya, sannan ya koma Turanci ya tambaya ko an ba shi izinin sauka.

Nan fa ake yin ta. Jazuli ya san amsar a'a ce, amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin inda aka ce wa suruki a'a kai tsaye ba. Ya laluba cikin abin da aka koya masa a gida, ya ɗauko wanda ya fi laushi.

"Ai Baba, ni wane ne da zan hana ku sauka."

Kyaftin ya ɗauka izini ne aka ba shi cikin ladabi. Ya maimaita cewa an ba shi titi, ya saki tayoyi, ya nufo ƙasa. Jazuli ya ga dole ya faɗi maganar tarakta, amma kuma ba a kawo wa babba magana mara daɗi ba a kammala gaisuwa ba. Ya buɗe baki zai tambayi mutanen gida.

Daidai nan shugabarsa, Madam Talatu, ta shigo da kofin shayi a hannu ta tarar da ma'aikacinta a tsugune ba takalmi. Ba ta tsaya tambaya ba, ta cafki wuyan rigarsa ta miƙar da shi. Da idonsa ya kai taga sai ga jirgin ya huda gajimare, fitilu a kunne, ga tarakta a gabansa, direbanta kuma ya riga ya ranta a na kare. Jazuli ya kurma ihun da aka ji har ƙasan bene. Ya ba da umarnin da Turanci, sannan don kada a samu matsala ya ƙara da Hausa: "Ka koma sama! Na ce ka koma!"

Jirgin ya yi gurnani ya ɗaga, ya wuce ta kan taraktar har iskarsa ta kwantar da ciyawa. Aka ja tarakta, jirgin ya zago ya sauka lafiya. Madam Talatu ta ce Jazuli ya same ta a ofis, amma shi ba ofis ne ya dame shi ba. Abin da ke cin ransa shi ne ya ce wa surukinsa "ka", kuma da tsawa, a gaban duk jiragen da ke sauraro.

Ya sauka da gudu ya tari Kyaftin a gindin matakalar jirgi, ya zube a kan kwalta mai jiƙe, kansa a ƙasa.

"Baba, ku gafarce ni. Na ɗaga muku murya, kuma ko mutanen gida ban samu na tambaya ba."

Kyaftin ya cire hularsa ya share goshi, ya dube shi.

"Tashi, Jazuli. Da ka samu ka tambaye su, da yanzu kana can kana yi musu ta'aziyya."