Shawish Ya Ƙi Abinci, Daktora Ta Hau Karo

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar da aka fara kirana duba marar lafiya ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta. Marar lafiyar kare ne, sunansa Shawish.

Lokacin gari yana lafiya, ina shekara ta biyu a kwalejin likitancin dabbobi. A gidanmu na Umdurman kuwa, tun ranar da aka ɗauke ni karatun aka daina kiran sunana. Kowa Daktora. Maƙwabta suna kawo mini ciwon gwiwarsu da hawan jininsu, in ce musu ni ta dabbobi ce, su ce ai duk jini ɗaya ne. Gaskiyar magana, har zuwa ranar ban taɓa taɓa dabba mai numfashi ba sai akuyar Inna. Abin da na fi sani shi ne ƙasusuwan wani raƙumi da aka jera a zauren kwaleji. Akwai kuma sirrin da ban taɓa faɗa wa kowa ba: ina tsoron kare. (Na san abin da za ku ce. Ni shanu da kaji na shiga karanta, ba wanda ya gaya mini da karnuka a cikin lissafin.)

A wannan makon ne aka yi mana darasin cutar haukan kare, wadda a nan ake ce wa sa'ar. Dakta Ihsan ce ta koyar, wata gajeriyar mace mai tabarau wadda ba ɗalibin da ya taɓa ganin haƙoranta. Ta nuna mana hotuna, ta jera alamomi: ƙin abinci, dalalar yawu, sauyin hali. Na haddace su tsaf. Tun daga ranar, duk karen da na gani kwance a gindin bango a Umdurman sai in yi masa kallon mahaukaci.

Da azahar ɗin Juma'a sai ga wayar Kawu Haruna, ƙanen Inna. Yana da zariba, wato garken shanu, a unguwar Alhilla Kuku, saniya goma sha biyu, madararsu yake sayarwa gida-gida. Shawish shi ne mai gadin zaribar. Shekara shida yana wannan aiki, ko igiya ba a taɓa sacewa ba.

"Daktora, kwana biyu ke nan Shawish bai ci komai ba," in ji Kawu. "Ki zo ki duba mini shi. Na gaya wa mutane muna da likita a gida."

Na ce masa in sha Allahu ƙaramin abu ne. Na goge farar rigata ta ɗakin gwaji har sau biyu, na rataya abin sauraron ƙirji a wuya, wanda aro ne ma daga wata ƙawata. Inna ta ce in sa rigar a jaka sai na isa. Na ƙi. Da ita na shiga hafla, wato motar bas ta haya, da ita na ƙetare gada, ina kallon Nilu ta taga irin kallon mutumin da rayuka ke jiransa. Wata tsohuwa ta matsa mini wuri tana sa mini albarka. A tasha yunwa ta kama ni, na sayi ta'amiya mai zafi, wato irin ƙosan garin nan, a cikin burodi, na ci rabi, na naɗe rabin na tura aljihun rigar.

Na isa bayan la'asar, na tarar Kawu bai yi wasa da sanarwa ba. Mutum ya fi ashirin a ƙofar zariba. An fito mini da kujera, an kawo shayi. Karon Kawu, wato keken jakin da yake rabon madara da shi, yana tsaye a gefe, an riga an ɗaura jakin, an ɗora manyan garwa biyu na madarar yamma.

Shawish yana kwance a inuwar rumfa. Ƙaton kare ne ja, mai yankakken kunne ɗaya. Yawu yana zuba daga bakinsa, lokaci-lokaci ya ɗaga ƙafar gaba ya goga a fuska. A gabansa akwai kwanon tuwon asida da romo, ƙudaje ne kawai ke ci.

Na tsaya daga nesa, nisan da zan iya cewa na ilimi ne amma na tsoro ne. Ban tambayi Kawu komai ba. Ƙin abinci, na gani. Yawu, na gani. Zuciyata ta buga, wani ɓangaren don fargaba, wani ɓangaren kuma (Allah Ya yafe mini) don murna, marar lafiyana na farko kuma babbar cuta.

Na gyara murya na ce, "Jama'a, kowa ya ja baya. Wannan kare sa'ar ne da shi."

Wuri ya yamutse. Mata suka suri 'ya'yansu. Wani ya haye bango da takalmi ɗaya. Malam Tijjani mahauci, maƙwabcin Kawu, ya shiga gida ya fito da gora mai kauri, ya ce abin da za a yi gobe gara a yi shi yau.

Kawu bai motsa ba. Ya dubi karen, ya dube ni.

"Ɗiyata, kin tabbata?"

"Kawu, wannan makon muka karanta shi."

Ya sunkuyar da kai ya ce, "To. Ke kika sani."

Nan ne fa Shawish ya ɗaga hanci ya shaƙi iska. Ya miƙe. Duk cikin mutanen nan ba wanda ya nufa sai ni. Daga baya kowa ya shaida mini cewa tafiya yake a hankali yana kaɗa jela. Ni ban ga jela ba, baki na gani.

Ban san lokacin da na zubar da shayin ba. Na duba abin da ya fi kusa kuma ya fi tsayi, na ga karo, na yi tsalle na faɗa tsakanin garwa biyu. Jakin ya ji nauyi a bayansa. Shekarunsa nawa a wannan aiki, abu ɗaya ya sani: idan mutum ya hau, lokacin rabo ya yi. Sai ya kama hanya.

Ban iya tuƙa jaki ba. Igiyar ma tana ja a ƙasa. Na ce masa tsaya da Hausa, na ce masa da Larabci, har Turancin kwaleji na gwada. Ya ƙara sauri. Na waiwaya na ga Shawish yana biye da mu yana sassarfa, bayansa Malam Tijjani da gora, bayansa Kawu yana riƙe da jallabiya yana roƙon kada a doki karen tukuna, bayansu kuma sauran unguwa.

Abin da ban sani ba, jakin ya haddace gidajen masu sayen madara. A ƙofar farko ya ja ya tsaya cak. Wata mata ta fito da tukunya, ta dube ni da farar riga da abin sauraron ƙirji, ta ce, "Yau hukuma ce ke rabon madarar?" Kafin in buɗe baki jakin ya ga ba a sauke komai ba, ya wuce. A gida na biyu wani dattijo ya miƙo mini kwano, ya ce ta jiya ta yi ruwa-ruwa, in gaya wa Haruna. A na uku aka tambaye ni ko ina duba ciwon baya. Duk inda muka tsaya Shawish zai ɗora ƙafafun gaba a kan karon, ni kuma in naɗe nawa ƙafafun in karanto duk addu'ar da na iya, har da ta shiga kasuwa.

A gida na biyar, mai koren ƙofa, jakin ya sake tsayawa. Ƙofa ta buɗe, wata gajeriyar mace ta fito da tsohon tob, wato lafaya, na zaman gida da silifas, hannunta riƙe da kwanon silba. Ta gyara tabarau.

Dakta Ihsan ce.

Ashe shekara uku Kawu yana kai mata madara. Shi Ustaza yake ce mata, a zatonsa malamar firamare ce.

Ta dube ni, ta dubi karen, ta dubi taron da ya iso yana haki. Da Larabci ta yi magana, a hankali kamar yadda take yi a aji.

"Ke ba 'yar shekara ta biyu ba ce?"

"Ni ce, Dakta."

"Me kike yi a kan madarata?"

Malam Tijjani ne ya amsa mata, ya ce karen ya haukace, likita ta tabbatar. Ta tambayi wace likita. Hannu ashirin suka nuna ni.

Ta ce ya sauke gorar, kowa ya tsaya inda yake. Sannan ta juya wajen Kawu ta yi masa tambayoyin da ya kamata in yi. An yi wa karen rigakafi? An yi, takardar tana gida. Wani kare ya cije shi kwanan nan? A'a, ba ya fita zariba. Ya kai wa wani cizo, ko ya daina gane mai shi? Kawu ya kira sunansa, Shawish ya je ya zauna a ƙafarsa. Idan an ba shi abinci, juya kai yake yi?

"A'a, Ustaza. Da gudu yake zuwa. Ya ɗauka, ya yi kuka, ya saki."

"Me ya ci na ƙarshe?"

"Ƙasusuwan ragon suna, ran Laraba."

Ni ina nan dai a kan karo. Na yi yunƙurin sauka, ta ɗaga yatsa.

"Zauna. Faɗa wa mutanen nan dalilan da ke sa kare ya ƙi abinci."

A tsakiyar titi, tsakanin garwa biyu, aka yi mini jarrabawar baki. Abin haushin, na sani. Na ce ciwon haƙori ko rauni a baki. Na ce wani abu ya maƙale masa. Ɓacin ciki ko tsutsa. Zazzaɓi. Tsananin zafin gari. Sauyin wuri, ko kewar mai shi idan ya yi tafiya. Abincin da ya lalace. Ko kuma ya ƙoshi a gidan maƙwabta.

"Duk kin sani," in ji ta. "To me ya sa kika fara daga shafin ƙarshe?"

Ta shiga gida ta fito da safar hannu mai kauri, da tocila, da hantsaki. Ta ce abu ɗaya na yi daidai, da ban cusa hannu a bakin karen da nake zargi ba, kuma kowa ya riƙe wannan. Kawu ya rungume Shawish yana yi masa magana a kunne. Ta buɗe bakin a hankali ta haska. Sai ta kira ni. Na sauko, na leƙa ta bayan kafaɗarta. Guntun ƙashin haƙarƙari ne ya gitta a saman bakin, ya maƙale tsakanin haƙoran dama da na hagu kamar sakata. Ta kama shi da hantsaki, ta murɗa kaɗan, ya fito.

Shawish ya girgiza kai, ya lashe baki. Sannan ya taho kaina kai tsaye, ya tura hanci cikin aljihun farar rigata, ya zaro rabin burodin nan da ta'amiya, ya haɗiye har da guntun takarda.

Dariya ta ɓarke a titi. Malam Tijjani sai da ya dogara da gorarsa. Kawu yana dariya yana share ido da hannun riga. Dakta Ihsan ma ta juya baya, amma na ga kafaɗunta suna motsi.

Ta gaya wa Kawu ya ba shi abinci mai laushi kwana uku, asida da romo ba yaji ba albasa, kaɗan-kaɗan, da ruwa mai tsabta a inuwa. Dafaffen ƙashi kuma ya daina ba shi. Idan ya sake ƙin ci har kwana ya zagayo, ko ya fara amai, ko zawo, ko ya kwanta ya ƙi tashi, kada ya jira, ya kai shi asibitin dabbobi. Sannan ta miƙo mini kwanon silbar.

"Tunda kin zo da ita, auna mini."

Na auna mata. Na zubar da kusan rabi a kan rigar.

Ran Lahadi, farkon makon karatu a nan, na shiga aji na zauna a layin ƙarshe. Dakta Ihsan ta ce yau za mu fara da wani marar lafiya da ta gani a ƙarshen mako. Ta ba da labarin tiryan-tiryan, ba ta ambaci suna ba, ta ce dai wata abokiyar aiki ce ta kawo mata shi har gida, a kan karo. Da na yi shiru da ba wanda zai gane. Sai na ji bakina yana cewa, "Jakin ne ya tafi da kansa." Mutum tamanin suka waiwayo.

Yanzu na gama karatu, na duba karnukan da ban san adadinsu ba, kuma har yau idan babba ne sai na karanta addu'a a ɓoye. Amma duk wanda ya kawo mini kare ya ce ya ƙi cin abinci, nakan sa shi ya zauna ya ba ni labari tun daga farko. Kuma ba na buɗe bakina sai na ga abin da ke cikin na karen.