Rasuwar Saimi, Kwamfutar da Keijo Ya Hana Jira

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani ɓacin rai da ko kusa bai fara hucewa ba, Onerva Lehtoranta ta unguwar Tuira a birnin Oulu take sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar kwamfutarta ta tebur, Saimi, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Asabar da ta gabata da hantsi, a kan dardumar falo, tana tsakiyar ƙarfinta. Ba tsufa ne ya kashe ta ba, wutar lantarki ma ba ta yi mata laifin komai ba. Hannun mutum ne. Sunan mutumin Keijo, ƙanin Onerva ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma an sa sunansa tun daga sama ne don kada wani ya zo ta'aziyya yana tambayar me ya faru.

Onerva ce ta haɗa marigayiyar da hannunta, ƙusa bayan ƙusa, a kan teburin kicin. Tun daga ranar ba a taɓa jin kansu ba. Saimi ba mai hayaniya ba ce. Da safe idan aka danna ta, sai ta ce "tit" sau ɗaya, fankokinta su amsa da "fuuu" a hankali, shi ke nan ta shiga aiki. Ba ta taɓa cinye takardar kowa ba, ba ta taɓa ɗaukewa ana tsakiyar magana da likita ba. A lokacin sanyi takan ɗumama ƙafafun uwarɗakinta daga ƙarƙashin tebur ba tare da an roƙe ta ba.

Amma babban halinta na kirki shi ne haƙuri. Duk wanda ya taɓa leƙa cikin kwamfuta ya san 'yan sandunan nan da ake kira ram, inda take riƙe abin da take aiki a kai kafin ta kai shi rumbun ajiya. Suna da saurin da aka yanka musu, suna kuma da lokutan jira, wani ɗan numfashi da suke ja tsakanin tambaya da amsa, wanda ido ba ya gani. Na Saimi sha shida ne, sha takwas, sha takwas, talatin da shida. A haka aka kawo su daga kanti, a haka ta rayu da su cikin rufin asiri, kuma babu wanda jiran ya taɓa hana shi cin abinci.

Sai Keijo. Mai sayar da tayoyin mota ne, kuma irin mutanen nan ne da ba sa iya ganin abu yana tafiya lafiya su ƙyale shi. Lokacin hutunsa yana ƙarewa ne a wani zaure na intanet inda magidanta masu furfura suke liƙa hotunan lambobi suna yi wa juna fankama, wannan ya ce ya rage jira, wancan ya ce ya ƙara gudu. Abin da suke samu a ƙarshe bai kai ƙiftawar ido ba, amma a kansa suke zage-zage kamar ana rabon gado.

Ranar jajibirin Kirsimeti da rana, matan gidan suka shiga wankan tururi, aka bar Keijo shi kaɗai a falo da kofin gahawa. Ya ja kujera gaban Saimi, ya shiga can cikinta inda ake saita irin waɗannan abubuwa kafin kwamfuta ta tashi. Ya ɗaga saurin ram. Ya mayar da sha shida zuwa sha huɗu, ya matse sauran lokutan jiran su ma. Lambobin ba nasa ba ne, daga hoton wani Bajamushe ya kwafo su, mutumin da ram ɗinsa ko dangi ba su haɗa da na Saimi ba. Waɗanda suka san aikin, idan suka taɓa lambobin nan, sukan bar na'ura ta wuni tana gwada kanta don a ga ko za ta yi kuskure. Gwajin Keijo bai wuce tsawon shan kofin gahawarsa ba. Ya ga ta tashi, ya ce ta yi. Bai gaya wa kowa ba, daga baya ne ya ce wai kyautar Kirsimeti ce ya yi wa yayarsa.

A nan ne ya kamata jama'a su san nauyin da Saimi take ɗauke da shi. Mahaifinsu, marigayi Urho, direban motar katako ne, kuma mutum ne mai waƙa. Shekara da shekaru yana ɗaukar muryarsa a kaset a gidansu na bakin tafki, waƙoƙin rawa na da, waɗanda ya nemi auren mahaifiyarsu da su. Kwali cike da kaset ya bari. Mahaifiyar, Aune, tana gidan kula da tsofaffi yanzu. Mantuwa ta kama ta, wata ran ta kira Onerva da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Amma da zarar muryar Urho ta tashi, sai ta miƙe zaune, ta gyara gashinta, ta bi waƙar har ƙarshe ba ta kuskure baiti ba. Da tsohon rediyonta ya fara tauna kaset, Onerva ta kwashe kwalin ta yi mata alkawari: ranar zagayowar haihuwarki a watan Maris, Mama, za ki ji su duka, tas, babu ƙara.

Watan Janairu kaf a kan aikin nan ya ƙare. Onerva ta sa kaset, Saimi ta saurara ta ɗauka, a goge shuuu ɗin da ke bayan muryar, a ajiye. Baiwar Allah ba ta taɓa cewa ta gaji ba, alhali an hana ta numfashi. A ɓoye ta fara mantuwa. Ta ɗauki abu daidai, kafin ta kai shi rumbu ya zube mata a hanya, ta ajiye wani abu dabam a gurbinsa. Ta ɗauke kamar sau biyu, allonta ya yi shuɗi, Onerva ta ɗauka sabunta manhaja ne. Da aka gama, ta kwafe komai a wani ƙaramin rumbu na ko-ta-kwana, shi kuma ya kwafi ɓarnar yadda take, bai rage ko ɗigo ba.

A makon ne Keijo yake kwashe kayan tsohon gidan iyayensu. Ya biyo ta wurin yayarsa, ya ga kwalin a bakin ƙofa.

"Yaya, kin gama da tarkacen nan?"

"Na gama," in ji Onerva.

Kalmar nan tana cin ta har gobe. Amma ta faɗe ta ne bisa amanar na'urar da ba ta san an taɓa ba. Keijo ya jefa kwalin a bayan mota ya kai juji, shara kuwa a garin nan ƙona ta ake yi a ɗumama gidaje da ita. Don haka duk wanda ya ji ɗumi a ɗakinsa a ƙarshen Janairu, ya sani akwai muryar Urho a ciki.

Ciwon ajali ya bayyana ne a watan Fabrairu, ranar da Onerva ta zauna da saƙarta za ta saurari aikin daga farko. Waƙa ta ɗaya ta ƙi buɗuwa. Ta biyu ta buɗe, ta ce "ƙiiiii" kamar ana jan tebur a kan siminti. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta koma rumbun ko-ta-kwana, duk abu ɗaya. Ta zauna ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'izar uban. Sannan ta kira ƙaninta, don shi ne ake cewa ya san kwamfuta a dangi.

"Af! To, wataƙila ta ɗan ƙi karɓa ne," in ji Keijo.

"Ta ƙi karɓar me?"

"Ba wani abu ba ne fa. Ɗan sauri na ƙara mata. Ke ba ki lura ta fi da gudu ba?"

"Keijo, wa ya aike ka?"

"Haba Yaya, kin bar na'ura mai kyau tana tafiya kamar tsohuwa a kan ƙanƙara. Taimakonki na yi."

"Muryar Baba ce a ciki, kai wawan banza! Ina kwalin?"

Kwalin kuwa tuni ya zama toka.

Ranar Asabar ya zo da rantsuwa cewa zai dawo da waƙoƙin. Onerva ta buɗe masa ƙofa, domin ba ta da wani abin kamawa. Ta ce ya mayar da lambobin yadda suke. Ya ce a'a, ai lambobin ba su da laifi, wuta ce ta yi musu kaɗan, kuma zafi ne yake damun ram. Ya ƙara mata ƙarfin wuta. Ya ciccibe ta ya kai baranda, cikin sanyin da ke daskarar da gashin hanci, ya ja waya ta ƙarƙashin ƙofa, wai haka 'yan zaurensu suke yi. Saimi ta yi ta aiki a waje ita kaɗai, fankokinta suna "wiii, wiii", waƙa ko ɗaya ba ta dawo ba. Da yatsunsa suka ƙage, ya kashe ta ya shigo da ita falo mai ɗumi. Nan take jikinta ya yi gumi, kamar kwalbar da aka ciro daga firji.

"Bar ta ta bushe tukuna," in ji Onerva.

"Jira kuma? Ke dai Yaya komai sai ki ce a jira."

Ya danna. Marigayiyar ta ce "tiiit, tiiit, tiiit", dogaye, irin kukan da ba ta taɓa yi ba a rayuwarta. Sai "fat!" Wani siririn hayaƙi ya fito ta bayanta, ƙaurin roba ya cika falon. Mai gyara ya duba ta ranar Litinin, ya cire tabarau, ya tambayi wanda ya yi wannan aikin. An gaya masa, da adireshi.

Saimi ta rasu ta bar allo guda, wanda tun ranar yake zaune baƙi ƙirin bai ce uffan ba. Ta bar kibod da maus, marayu. Ta bar firinta, wadda ko da marigayiyar tana raye ba ta shiri da kowa, yanzu kuwa ta sami hujja. Sandunan ram biyu sun tsira, Onerva ta adana su a matsayin shaidu. Daga cikin kwali guda na waƙoƙi kuma, abin da ya rage mai jiyuwa bai kai baiti ɗaya ba: Urho ya yi gyaran murya, ya ce, "Aune, rufe ƙofar nan, iska na shigowa," ya fara waƙa, sai ƙara ta haɗiye shi.

Za a yi jana'iza ranar Lahadi ta farkon Maris, wadda ta zo daidai da ranar haihuwar Aune. Gawar za ta tashi daga Tuira da ƙarfe goma na safe zuwa filin da ake karɓar matattun kayan lantarki. Ba za a sa ta a mota ba. A kan katakon jan kaya a ƙanƙara za a ɗora ta, Keijo ne zai ja da ƙafa, masu rakiya suna biye da shi a hankali, kuma duk wanda ya ga ya fara sauri yana da izinin tsayar da shi.

Ana godiya ta musamman ga matar Keijo, Marjatta, wadda ta buɗe wa Onerva ƙofa ranar Laraba yana wurin aiki. An mayar da kwamfutarsa kan saurin da ta zo da shi daga kanti, an saki duk lokutan jiran da ya shekara yana matsewa, an kuma kulle wurin saitin da kalmar sirrin da Onerva kaɗai ta sani. Idan ya cire ɗan batirin ciki don ya goge kullen, Marjatta ta ce a gareji zai kwana har bazara.

Daga filin za a wuce gidan tsofaffi, inda za a karɓi gaisuwa a babban ɗakin cin abinci. Akwai miyar kifi da dankali, baƙin burodi, gahawa da kek. Ba a buƙatar furanni. Giya ko ɗigo ba za a kawo ba, kuma za a laluba aljihun rigar Keijo a bakin ƙofa. Ana roƙon jama'a kada kowa ya yi masa ta'aziyya, kada kuma a dafa masa kafaɗa.

Ba a gaya wa Aune komai ba. Har yanzu duk ma'aikaciyar da ta shiga ɗakinta sai ta gaya mata cewa Urho zai yi mata waƙa ranar haihuwarta, ta ma sa an goge mata shuɗiyar rigarta. Onerva ta yi alkawari, kuma ba za ta saɓa ba. Ta rubuta baitocin da take iya tunawa ta aika wa ƙaninta. Ya kira ta yana marairaicewa.

"Yaya, don Allah. Kin san ko a coci bakina kawai nake motsawa. A gaban mutane fa? Ido biyu, ba ko kurɓi ɗaya?"

"Duka za ka rera. Daga ta farko har ta ƙarshe."

"Zan mutu don kunya."

"To a haɗa jana'izar."

Dangi sun sani, ko da yake shi ba ya son a faɗa, cewa tun da ya haura hamsin muryarsa ta koma ta ubansa sak, har gyaran muryar. Za a ajiye masa kujera dab da ta Aune, ta ɓangaren kunnenta mai ji. Zai fara bayan an sha gahawa, ba zai tsaya ba sai ta ce ya isa. Idan kuma ta kama hannunsa ta kira shi Urho, an umarce shi ya amsa.